Gawa Ba Ta Ɗaura Agogo: Mako Takwas a Kwas ɗin Binciken Gawa ta Intanet

Shekara 11 ke nan ina aikin lauya, yawanci ina kare waɗanda ake tuhuma da manyan laifuka, kuma har kwanan baya akwai mai ba da shaida guda ɗaya da idan ya tsaya gaban kotu sai gwiwata ta yi sanyi: likitan da ya binciki gawa. Ɗan sanda na san ta inda zan ɓullo masa. Wanda ya ce a kan idonsa aka yi, shi ma ina da hanyoyin gano ko da gaske ya gani ko labari ya ji. Amma likita ya gyara tabarau, ya buɗe takarda, ya ce mamaci ya cika da misalin ƙarfe tara na dare, to nan fa sai in koma ɗan kallo.

Haka ta faru da ni a wata shari'ar kisan kai. Yaron da nake karewa yana da mutanen da za su rantse suna tare da shi tun daga ƙarfe goma sha ɗaya na dare har gari ya waye. Ƙarfe tara kuwa babu wanda ya gan shi. Ka ga ke nan duk shari'ar ta rataya a kan awa biyu. Alƙali ya ɗago kai ya ce ko ina da tambaya ga likita. Na miƙe, na tambaye shi shekarunsa nawa a aiki, ya faɗa. Na tambayi inda ya yi karatu, ya faɗa. Na ce na gode, na zauna. Wasu dalilai daban ne suka fitar da yaron daga baya, ba ƙoƙarina ba, kuma na san da haka.

Kunyar ranar ce ta sa na yi rajistar wannan kwas. Na mako takwas ne, duk ta intanet, an shirya shi don waɗanda ba likitoci ba amma aiki yake haɗa su da rahoton gawa, irin su masu bincike na 'yan sanda, lauyoyi, ma'aikatan jinya da 'yan jarida. Malamai uku ne: wata likita da ta daɗe tana binciken gawarwaki, wani masanin ƙasusuwa, da wani masanin ƙwari. Kowane darasi bidiyo ne na minti 15 zuwa 20, sai takardun karatu, sai atisaye, sai jarrabawa a ƙarshen mako. In faɗi tun yanzu, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Sai dai akwai wurare biyu da suka ɓata mini rai sosai, zan zo kansu.

Masanin ƙasusuwan ne ya buɗe fage, kuma da labarin kuskure ya buɗe. A ƙarshen shekarar 1977, a jihar Tenesi ta Amurka, an tarar an tone wani tsohon kabari, ga gawa babu kai a bakin akwatin, namanta har da sauran jaja-jaja. Aka kira William Bass, ƙwararre a wannan fanni, ya duba ya ce mutumin bai kai shekara da mutuwa ba. 'Yan sanda suka shiga neman wanda aka kashe aka ɓoye a kabarin wani. Ashe mai kabarin ne da kansa, Kanar William Shy, wanda aka kashe a yaƙin basasar Amurka a 1864. An yi wa gawarsa magani, an rufe ta cikin akwatin ƙarfe da iska ba ta shiga, ɓarayin kabari ne suka fasa suka jawo shi waje. Kuskuren shekara 113. Abin ya tsaya wa Bass a rai har ya kafa wani fili a Jami'ar Tenesi a 1981, inda ake ajiye gawarwakin mutanen da suka ba da jikinsu don bincike, wasu a rana, wasu a inuwa, wasu a cikin mota, wasu a binne, ana rubuta abin da ke faruwa da su kowace rana. Na ji daɗin wannan farawa. Malamin da ya soma nuna maka yadda manyan fanninsa suka sha ƙasa, sauran maganarsa tana shiga kunne.

Mako na biyu shi ne na hucewar gawa, kuma shi na fi maimaitawa. Jikin mai rai yana kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Da rai ya fita, sai ya soma hucewa har ya daidaita da zafin wurin da yake kwance. Lissafin da aka saba ji shi ne a kowace awa yana sauka da wajen digiri 0.8, don haka ka auna, ka ɗebe, ka raba, ka sami awa. Likitar ta ɗauki wannan lissafi ta yi masa fata-fata. Saukar ba a miƙe take ba. Da farko zafin cikin jiki yakan tsaya cak, wani lokaci har awa biyu ko uku, sannan ya gangara da sauri, sannan ya riƙa jan ƙafa idan ya kusa zafin ɗakin. Wani likitan Jamus mai suna Claus Henssge ya fitar da wani zanen lissafi a shekarun 1980 da ya yi la'akari da wannan lanƙwasa, kuma shi aka fi dogara da shi har yau. Amma zanen ba ya aiki sai ka ba shi abin da yake nema: zafin gawa da aka auna ta dubura, ma'aunin ya shiga aƙalla santimita 8, da zafin wurin, da nauyin mamacin, sannan ko yana da sutura, ko a lulluɓe yake, ko iska na kaɗawa, ko cikin ruwa yake.

Ga atisayen da ya buɗe mini ido. Aka ce gawa ce babu sutura, a ɗaki mai digiri 20, babu iska, an auna ta an sami digiri 30. Tsohon lissafi ya ba ni kusan awa 9. Na ɗauko zanen Henssge, na aza rula, mutum mai nauyin kilo 70 ya ba ni wajen awa 12. Aka ce in mayar da shi kilo 40, ya dawo kusan awa 8. Aka ce kilo 120, ya haura awa 20. Ɗaki ɗaya, zafi ɗaya, ƙiba kawai ta bambanta su. Kuma ko komai ya tafi daidai, zanen da kansa yana cewa ka ƙara awa 2.8 gaba, ka rage 2.8 baya. Wato mafi kyawun abin da zai iya ba ka tazara ce ta kusan awa shida. Na ajiye rular na tuna likitan nan da ƙarfe taransa, na tuna awa biyun da ran yaro ya rataya a kansu.

To ga ƙorafina na farko. Kusan duk misalan kwas ɗin a ɗaki mai sanyi-sanyi suke, digiri 15, 18, 20. Idan wurin ya kai 36 ko 40 fa? A nan gawa ba ta da inda za ta huce zuwa, tana ma iya ƙara zafi idan a rana take ko cikin mota a rufe. Duk wannan batu, wanda ya shafi ɗimbin mutanen duniya, minti huɗu aka ba shi a ƙarshen bidiyo, aka ce a irin wannan yanayi hanyar ba ta da amfani sosai, aka wuce. Na aika tambaya ta imel ina neman abin da ake dogara da shi a madadinta. Sai bayan mako uku amsa ta zo, layi biyu, wai in duba darasin ƙwari.

Kwanciyar jini ita ce ta biyo baya. Zuciya ta tsaya, jini ba shi da mai tura shi, sai ya bi nauyinsa ya gangara ya taru a sashen jikin da ke ƙasa. Wanda ya mutu a rigingine, a bayansa za a gani. Wanda aka rataye, a ƙafafu da hannuwa. Yakan soma bayyana daga rabin awa zuwa awa biyu, ya cika tsakanin awa 8 da 12. Akwai wani gajeren bidiyo da ba na mantawa, hannu cikin safar roba, babban yatsa ya danna bayan gawa, ya ɗaga. Wurin ya yi fari fat, siffar yatsan ta fito, sannan launin ya dawo a hankali. Sai aka nuna wata gawar da ta kwana, aka danna, ko gezau. Jinin ya riga ya zauna. Amfanin wannan ga mai bincike babba ne. Idan an tarar da mutum a kife amma jini ya zauna a bayansa, to wani ya juya shi awanni bayan ya mutu, kuma sai a nemi wane ne. Wuraren da jiki ya danne ƙasa, kamar kafaɗu da ɗuwawu, suna zama fari domin jini bai sami shiga ba, har layin bel ko na igiya yakan fito. Launin ma yana magana. Ja mai haske yana nuni ga iskar kabon monoksaid, irin ta hayaƙin inji ko gawayi a ɗaki rufaffe, ko gubar sayanaid, ko kuma sanyi mai tsanani.

Abin da ya fi amfanata a nan shi ne bambancin kwanciyar jini da tabon duka. Sau nawa na ji shaida ya ce ya ga bayan mamaci duk ya yi baƙi, alamar an yi masa dukan kawo wuƙa. Likita yana rarrabewa ne da tsaga wurin. Idan kwanciya ce, jinin yana cikin jijiyoyinsa, ana sa ruwa yake wankewa. Idan duka ne, ya fashe ya shiga cikin nama, ba ya wankuwa. Yanzu na san in tambaya ko an tsaga.

Ƙorafi na biyu a nan yake, kuma ya fi na farko ciwo. In ka ɗebe hotuna biyu, duk gawarwakin da aka nuna farar fata ne. Ana ta maganar launin shunayya da ja da ruwan hoda, ni kuwa ina duban hannuna ina tunanin ina za a ga wannan. A baƙar fata kwanciyar jini tana da wuyar gani, sai an duba tafin hannu, tafin ƙafa, ƙarƙashin farce, ko kayan ciki idan an buɗe. Haka ɗashewar da fata ke yi a mintunan farko, haka koren da ke fitowa idan ruɓa ta soma. Likitar ta ambaci wannan da baki, cikin jumla ɗaya. Mai koyo kuwa gani yake bukata, gani ya kori ji. Kwas da ake sayar wa duniya duka bai kamata ya ɗauka cewa duk mai mutuwa fari ne kuma a ɗaki mai sanyi yake mutuwa ba.

Sandarewa, wadda suke rubutawa a rahoto da sunanta na Latin, an yi mata bayanin da ban taɓa jin mai sauƙinsa ba. Na ɗauka tsoka don ta ƙanƙame take bukatar makamashi. Ashe har don ta saki tana bukatarsa. Sinadarin da ake kira ATP shi ke kwance zaruruwan tsoka daga juna, idan ya ƙare sai su kulle a inda suke. Takan soma ne awa biyu zuwa shida bayan mutuwa, a ƙananan tsokoki, fatar ido da muƙamuƙi da wuya, sannan ta sauka. Wani likita mai suna Nysten ya rubuta wannan jeri tun 1811. Wajen awa 12 jiki duka ya sandare, bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu ya sake saki, wannan karon domin tsokar ta soma narkewa. Suka ba mu wata ƙa'ida ta tsaye-tsaye: da ɗumi kuma a sake, ƙasa da awa 3, da ɗumi kuma a sandare, 3 zuwa 8, da sanyi a sandare, 8 zuwa 36, da sanyi a sake, fiye da 36. Suka kuma bi ta da duk abin da ke karya ta. Zafi yana hanzarta komai. Wanda ya mutu yana gudu ko kokawa, ko cikin zazzaɓi mai zafi, ko farfaɗiya, ya riga ya ƙone ATP ɗinsa, nan da nan yake sandarewa. Jariri da tsohon da ya rame, tasu ba ta da ƙarfi. Idan kuma wani ya lanƙwasa hannun gawar da ta gama sandarewa da ƙarfi, ba ya sake komawa.

Ina cikin kallon wannan darasi yayata ta zo, ita ma'aikaciyar jinya ce, ta yi shekaru a ɗakin marasa lafiya masu jin jiki. Ta tsaya a bayana tana kallo. Na ce, "Yaya, kin san wai daga muƙamuƙi take somawa?" Ta yi dariya ta ce, "Barista, wannan kuma sai da ka biya kuɗi? Mu da hannu muka san shi. In ba ka rufe ido ka gyara baki ka miƙe ƙafa da wuri ba, ka dawo bayan awa huɗu ka gani." Sai ta zauna ta kalli sauran tare da ni. Da aka zo bayanin ATP ta yi shiru, ta ce shekara da shekaru tana yi amma ba ta taɓa sanin dalili ba.

Batun ido an yi shi a gurguje, ni ma haka zan yi. Idon da ya zauna a buɗe yana bushewa, wani layi mai duhu ya fito a farinsa, baƙin kuma ya yi hazo. Ruwan da ke cikin ƙwayar ido, sinadarin fotasiyam yana ƙaruwa a cikinsa bayan mutuwa, kuma tun 1963 William Sturner ya fitar da lissafi a kai. Shi ma tazararsa tana faɗaɗa da tsawon lokaci.

Makon ruɓewa shi ne mai nauyi, kuma a nan dole in yaba musu. Kowane hoto a lulluɓe yake da hazo sai ka taɓa shi da kanka, an rufe fuskoki, babu kiɗan ban tsoro, babu wasa da gawa. Bayanin kuwa a natse. Jiki daga ciki yake soma cin kansa, sinadaran narkarwa su fashe daga ƙwayoyin halitta, sannan bakteriyar hanji, da ke zaune lafiya da mu muna raye, su bazu. Alamar farko da ido ke gani ita ce wani kore-kore a mara ta ɓangaren dama, kwana ɗaya zuwa biyu a yanayi matsakaici, domin a nan farkon babban hanji yake, dab da fata, cike da bakteriya. Sai jijiyoyin jini su fito a fata kamar rassan bishiya. Sai iska ta taru, ciki ya kumbura, fuska ta canza har dangi su kasa gane nasu. Warin da ke tashi, biyu daga cikin sinadaransa wani likita a Balin, Ludwig Brieger, ya gano su a 1885. Matsin iskar yana turo wani ruwa jaja mai duhu ta hanci da baki, wanda wanda bai sani ba zai rantse jinin rauni ne. Wannan ma na rubuta shi da jan biro, domin na taɓa ganin an gina tuhumar shaƙewa a kansa. Fatar hannu takan zame gaba ɗaya kamar safa, har mai bincike yakan sa ta a kan nasa yatsan don ɗaukar zanen yatsa. Gashi da farce kuwa ba sa tsiro bayan mutuwa, fata ce ke bushewa ta ja baya.

Saurin duk wannan ya dogara da inda gawar take. Tsohuwar ƙa'idar Casper, wani likitan Jamus na ƙarni na 19, ta ce mako ɗaya a sarari daidai yake da mako biyu a ruwa, daidai da mako takwas a cikin ƙasa. Wani lokaci ma ruɓar takan sauya hanya. A wuri mai laima da iska ba ta shiga, kitsen jiki yana rikiɗa ya zama wani abu fari kamar kaki ko sabulu, wanda ke iya riƙe siffar mutum har da raunukansa shekaru masu yawa. An ga irinsa da yawa lokacin da aka kwashe wata tsohuwar maƙabarta a birnin Faris a 1786. A wuri mai zafi da bushewa kuma, gawa takan ƙafe, fata ta zama kamar ƙirgi. Sun kawo wani bincike na Ostiraliya da aka bayyana a 2019, inda aka ɗauki hoton gawa ɗaya a kai a kai har wata 17, aka ga hannuwan da ke manne da jiki sun matsa gefe saboda bushewar jijiyoyi. Wato ko yanayin kwanciyar gawar da ta daɗe ba lallai ba ne haka ta mutu.

Masanin ƙwarin shi ne ya fi kowa iya koyarwa, mutum ne da ke maganar tsutsa da murmushi. Ya soma da wani alƙalin ƙasar Sin, Song Ci, wanda a 1247 ya rubuta labarin wani da aka kashe da lauje. Mai bincike ya sa kowa a ƙauyen ya kawo laujensa, aka jera a rana. Duk a wanke suke, amma ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya. Mai shi ya amsa laifi. Koren ƙudan nan mai ƙyalli yana iya isa gawa cikin mintuna, ya yi ƙwai a ido da hanci da baki da duk inda rauni yake. Ƙwai ya ƙyanƙyashe cikin kwana guda ko ƙasa, tsutsa ta bi matakai uku, ta bar gawar ta shiga ƙasa ta yi kwasfa, ƙuda ya fito. Kowane mataki yana da adadin zafin da yake bukata, don haka idan ka san irin ƙudan, ka kuma sami bayanan zafin kwanakin, kana iya lissafawa baya. A 1935, a shari'ar likita Buck Ruxton da ya kashe matarsa da mai aikinsu ya watsar da sassan jikinsu a wani kwazazzabo a Sikotlan, tsutsotsin da aka samu ne suka nuna kwana 12 zuwa 14. Ya nuna mana yadda ake ɗiba: rabi a kashe su a ruwan zafi a zuba cikin sinadarin alkohol, rabi a bar su da rai a raine su har su zama ƙuda don a tabbatar da irinsu. Ya ce idan ka ga tsutsa ta yi dandazo a tafin hannu, inda babu wata kafa, ka nemi raunin kare kai. Ya kuma ja kunne sau uku cewa ƙwaro yana gaya maka lokacin da ya iso ne, ba lokacin da aka mutu ba. Gawar da aka naɗe, ko aka kulle a ɗaki, tana iya yin kwanaki kafin ƙuda ya same ta. Tarin tsutsa yana haifar da zafinsa na kansa, hodar iblis a jikin mamaci tana sa su girma da sauri. Duk da haka, a wuri mai zafi, bayan kwana biyu ko uku, su ne mafi ingancin abin da ake da shi. Amsar imel ɗin nan mai layi biyu, ashe gaskiya ce, gajarta kawai ta yi.

Darasin ƙarshe kamar don ni aka shirya shi. A 1959, a lardin Ontariyo na Kanada, aka tarar da gawar wata yarinya 'yar shekara 12 kwana biyu bayan ta ɓace. Likitan da ya bincike ta ya dubi abin da ke cikin tumbinta ya ce ta mutu tsakanin 7:15 da 7:45 na yamma. Rabin awa. Wannan rabin awa ya faɗa daidai lokacin da aka ga wani ɗan makarantarsu, Steven Truscott, ɗan shekara 14, ya goya ta a keke. Aka yanke masa hukuncin rataya, daga baya aka mayar ɗaurin rai da rai, ya yi shekara goma a tsare. Sai a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, shekara 48 bayan abin. Tumbi yakan sauke abin da ke cikinsa cikin 'yan awanni, amma tsoro, rauni, ciwo da irin abin da aka ci duk suna iya tsayar da shi ko jinkirta shi. Babu mai iya fitar da rabin awa daga nan.

Sai ƙananan abubuwan haushi. Rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo inji ne ya yi shi, ba wanda ya duba, duk kalmar Latin ya dagula ta. Bidiyon ba ya saukuwa a waya, idan intanet ta yanke daga farko kake komawa. Mafi ban takaici ita ce jarrabawar. Malamai sun yi mako guda suna cewa babu tsayayyen lokaci, sai ga tambaya wai bayan awa nawa sandarewa ke cika, zaɓi huɗu, kuma 12 kaɗai ake karɓa. Da alama wanda ya rubuta jarrabawar bai kalli darussan ba. Takardar shaidar da suka ba ni tana cikin durowa, ba ta mayar da kowa likita ba, su ma sun faɗa. Wanda kuma bai daɗe da rashin wani nasa ba, ya ɗan dakata tukuna kafin ya shiga makon ruɓewa.

Watan jiya wata shari'ar ta sake haɗa ni da likita, wani daban, dattijo mai natsuwa. Rahotonsa ya ce tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na dare. Na miƙe da takarda ɗaya a hannu. Na ce, "Likita, ranka ya daɗe, nawa ne zafin ɗakin lokacin da aka tarar da gawar?" Ya ce shi bai je wurin ba. Na ce an auna zafin gawar a can? Ya duba fayil, ya ce babu a rubuce. Na ce yaushe ta zo hannunsa? Ya ce bayan ta kwana biyu a firjin mutuware. Na ce to da me ya dogara? Ya ɗan yi shiru, ya ce da bayanin da ɗan sandan da ya kawo ta ya ba shi, fom ɗin yana da layin lokacin mutuwa, kuma ba a son a bar shi fari. Na ce idan daga gawar kaɗai zai yi magana, me zai iya cewa? Ya cire tabarau ya ce, "Ya mai shari'a, tsakanin faɗuwar rana da wayewar gari." Alƙali ya sa ya maimaita, ya rubuta da hannunsa. An ɗage zaman zuwa wata mai zuwa.